Solar dafa ruwa a Jamus, Yaya kar ka ce in turo maka

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya jikin Hajiya. Kan maganar solar da kace in duba maka kuɗinta, toh tsaya kaji, wadda muke haɗawa a nan Jamus ba irin taku bace mai cajin batir da kunna fanka, wannan ruwa kawai take dafawa. Baƙin faranti ne a saman rufi da siraran bututun jan ƙarfe a cikinsa, tanki kuma yana can ɗakin ƙasa, gidan mutum huɗu lita 300 ake sa musu, kuma a shekara kusan kashi 60 na ruwan zafinsu daga nan yake fitowa duk da ranar tasu ba wani ƙarfi gareta ba.

Abinda ke zagayawa a bututun ba zallar ruwa bane. In ka zuba zalla, hunturu na zuwa zai daskare ya fasa bututun, shi yasa ake gauraya shi da wani sinadari, gilaikol, wajen kashi 40, sai ya jure sanyi har ƙasa da digiri -20. Ranar zuba shi maigidana na wajen aiki baya yarda mu kai hantsi, ko da sassafe ko mu lulluɓe farantin, dan in rana ta buga shi babu ruwa a ciki zafinsa na wuce digiri 150, kana turawa zai zama tururi. Akwai injin famfo mai jarka, tiyo ɗaya na turawa ɗaya na dawowa da shi cikin jarkar, ni aikina in zuba ido a bakin jarkar nan, da farko zai dawo fari fat da kumfa yana tsartuwa kaman an buɗe lemon kwalba, haka za'a barshi yayi ta zagaye wajen rabin awa, ana rufe bawul ana sakewa dan iskar da ta maƙale a lunguna ta fito, sai ya koma garau sannan a ɗaure, a duba agogon firesha. Iska kaɗan ta rage a sama, famfo zai yi ta ƙugi tanki na nan da sanyinsa.

Abinda ya burge ni wallahi shine bayan an gama. Ana rubuta firesha da kwanan wata a takarda a barwa mai gida, duk shekara ɗaya ko biyu a dawo a ɗiga ruwan a ɗan madubin awo, in yayi ruwan ƙasa ya fara tsami a canza. Mu kuwa can gida mai haɗawa na karɓar kuɗinsa shikenan sai wani jiƙon.

Amma kai ina ruwanka da gilaikol, yaushe ruwa ya taɓa daskarewa a bututu a Kano? Mai tanki a saman farantin ita ce taku, ruwan zafi da kansa yake hawa, ba famfo ba lantarki. Kuma ba baƙon abu bane a wajenmu, Farfesa Abdou Moumouni wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun shekarun 1970 ma'aikatar da ya jagoranta, ONERSOL, ke ƙera irinta a Nijar, amma har yau Hajiya da icce take dafa ruwan alwala a sanyi, abin na min ciwo. Ka tambaya a Sabon Gari nawa mai lita 200, ka tabbatar rufin zai ɗauki nauyin, ni zan turo kuɗin insha Allahu kafin sanyi ya shigo.