Wasiƙa daga Ingila: farashin albasa da takardar ɗan sanda

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kuna lafiya, da Inna da Hajiya da ɗiya duka. Ka ce in bar gajerun saƙon murya in zauna in rubuto maka yadda rayuwar nan take, musamman tunda Sani ya matsa shi ma sai ya fito. To ga shi, sai ka karanta masa.

In fara da kasuwa. Albasar da muke tsallakewa a Kara, wadda ake jibgewa buhu a kan buhu daga Gada da Wurno, nan a ɗan ƙaramin raga ake sayar da ita, kilo ɗaya wajen fam guda, kuma ba ta da yajin tamu. Madara da burodi da kaza da taliya suna da araha idan ka auna su da abin da mutum ke samu. Naman akuya kuwa sai ka je shagon halal na 'yan Pakistan ko Somaliyawa, kuma duk wanda ya saba da jar akuyarmu ba zai yi marmarinsa ba. Gero akwai, a 'yar leda, da tsadar da za ta hana ka tunanin fura. Ba a ciniki. Abin da aka rubuta shi ne, kuma idan tukunyar lantarki ta lalace ka koma da rasit, a canza maka ko a mayar da kuɗinka, babu rantsuwa babu kiran shaida.

Mafi ƙarancin albashin da aka sa a watan Afrilun 2025 fam 12.21 ne a awa ɗaya. Na san Sani zai ɗauki waya ya juya shi zuwa naira ya ce ai an gama. Ka gaya masa hayar ɗaki ɗaya tana cinye kusan rabin abin da ƙaramin ma'aikaci ke samu, ga gas na ɗumama gida da hunturu, ga harajin ƙaramar hukuma, har kallon talabijin sai da lasisi na fam 174.50 a shekarar 2025. Wuta ba ta ɗaukewa, ruwan famfo ana sha, ba ka jiran 'yan garuwa. Asibiti ba a biya a ƙofa, amma mu baƙi mun riga mun biya fam 1,035 na kowace shekara tun wajen neman biza, kuma ganin likita yana iya ɗaukar makonni. Abin da kemis na bakin titi zai sallame ka da shi nan take a Mabera, nan sai ka bi layin waya da sassafe.

Wancan harajin ƙaramar hukuma shi ya kawo ni ga abin da na fi son gaya maka. A takardarsa ana ware wa kowane gida nawa ne ke tafiya ga 'yan sanda daga cikin kuɗin da ya biya. Saboda haka mutumin nan yana kallon ɗan sanda yadda yake kallon mai kwashe shara ko direban bas: aiki ne na biya, idan ba a yi ba in yi magana. Da ka rubuto mini batun ɗan maƙwabcinmu, ɗan kabu-kabun da aka tsare a wani caji ofis saboda bashin da ake bin wansa, har sai da aka haɗa kuɗin beli a unguwa, abin ya tsaya mini a rai, sai na shiga tambaya da karatu a kan yadda ake yi a nan.

An taɓa tsayar da wani abokin aikina, ɗan Sudan, muna dawowa daga aikin dare. 'Yan sanda biyu ne, babu mai bindiga a cikinsu, domin yawancinsu ba sa ɗauka. Kafin su taɓa aljihunsa, macen ta danna kyamarar da ke maƙale a ƙirjinta, ta faɗi sunanta da ofishin da ta fito, ta faɗi abin da suke nema da dokar da ta ba su dama. Lambarta tana rubuce a kafaɗa. Ba su sami komai ba. Ta ce masa yana da haƙƙin karɓar takardar shaidar binciken, ya ce a ba shi. Ransa ya ɓaci, kuma yana da gaskiya, domin ƙididdigar gwamnatinsu da kanta tana nuna ana tsayar da baƙar fata ninkin yadda ake tsayar da farare. Amma ya tafi gida da takarda mai ɗauke da lokaci da wuri da lambar wadda ta tsayar da shi. A shingen hanyar Illela wa zai ba ka wannan?

Idan kamu ne, akwai dokar 1984 da ta tsara komai. Sajan ɗin da ke kan kanta ba ya cikin masu binciken laifin, aikinsa kawai ya duba ko tsarewar ta halatta, ya rubuta komai: ƙarfe nawa aka kawo ka, ƙarfe nawa ka ci abinci, wa ya shiga wurinka. Lauya kyauta ne ko nawa kake da shi, ana sanar da wani naka, ana kawo tafinta, ana naɗar tambayoyin da aka yi maka. Awa 24 ne, babban jami'i na iya ƙarawa zuwa 36, daga nan sai da izinin kotu. Akwai kuma mutanen gari 'yan sa-kai da ke da ikon shiga ɗakunan tsaro ba tare da sanarwa ba, su tambayi wanda ke ciki ko an ba shi bargo.

Kada ka ɗauka waliyyai ne. Aka sace mini keke a ƙofar shago, na kira 101, lambar da ba ta gaggawa ba, aka ba ni lambar ƙara, bayan ɗan lokaci saƙo ya shigo cewa an rufe fayil don babu shaida. Babu wanda ya nemi kuɗin mai ko na takarda a wurina, kuma babu wanda ya nemo keken. Ƙananan sace-sace irin wannan kusan duk haka suke ƙarewa.

Manyan abubuwan kunyarsu kuwa sun isa a jinjina kai. A 1993 wasu samari farare suka kashe Stephen Lawrence, matashi baƙar fata, a kudancin Landan. 'Yan sanda suka yi wasa da binciken, sai 1999 rahoton alƙali Macpherson ya ce wariyar launin fata ta yi katutu a rundunar, kuma sai 2012 aka ɗaure mutum biyu daga cikin makasan. A filin ƙwallo na Hillsborough a 1989, turmutsutsu ya yi sanadin mutuwar mutum 97 magoya bayan Liverpool, saboda kuskuren kwamandan da ya sa aka buɗe ƙofa. 'Yan sanda suka ɗora laifin a kan mamatan, aka gyara bayanan jami'ai fiye da 160. Iyalai suka yi ta fama har 2016 kafin a yanke cewa kisa ne ba bisa ƙa'ida ba, kuma babu ɗan sanda ko ɗaya da ya shiga kurkuku a kai. A 2021 ɗan sanda mai ci, Wayne Couzens, ya nuna katin aikinsa ya kama Sarah Everard a titi, ya yi mata fyaɗe ya kashe ta. An yi masa ɗaurin da ba zai fito ba har mutuwa, amma daga baya ta bayyana an kai ƙarar tsiraicin da ya yi a bainar jama'a kafin kisan, aka yi sakaci da ita. A 2023 Baroness Casey ta sake bincikar rundunar Landan, ta tarar da wariya da ƙyamar mata suna nan daram.

Na lura da abu ɗaya a cikin duk waɗannan. Iyalan sun ci nasarar da suka ci ne domin akwai abin tonowa. Bayanin farko da na biyu duk suna ajiye, shi ya sa aka gane an gyara. An rubuta wa ya karɓi kira, ƙarfe nawa, me ya yi da shi. Mutum zai iya ƙarya, amma sai ya yi ta a rubuce da sunansa a ƙasa, kuma bayan shekara ashirin wani zai buɗe akwatin.

Hanyar ƙorafi ita ma a buɗe take, ko ta intanet, ba sai ka san kowa ba. Yawancin ƙorafe-ƙorafe rundunar ce da kanta ke dubawa, kuma mutane na gunaguni a kan haka, don kura ba ta cika yi wa kura shari'a ba. Amma idan mutuwa ce, ko mummunan rauni, ko cin hanci mai girma, dole a miƙa wa IOPC, hukuma mai zaman kanta mai binciken 'yan sanda da ta fara aiki a 2018. Zaman ladabtarwa na manyan laifuka a bainar jama'a ake yinsa, ɗan jarida na iya zama. Wanda aka kora sunansa na shiga wani kundi na ƙasa da aka buɗe a 2017, ba zai sake aikin ɗan sanda a ko'ina ba. Wannan ya fi burge ni, saboda mu abin da muka saba ji shi ne an yi wa wane canjin wurin aiki, ya je ya ci gaba a wata jiha.

Yanzu ga abin da ya ba ni haushi da na koma kan dokokinmu. Kusan duk muna da su. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta haramta kama wani a madadin wani, ta haramta kamu a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki, ta ce kowane ofishin yanki ya kasance da lauya. Wato abin da aka yi wa yaron nan laifi biyu ne a haɗe. Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ɗora wa majistare ya riƙa zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata yana duba waɗanda ke tsare. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 25. Akwai sashen karɓar ƙorafi da aka kafa a 2015 zamanin babban sufeton 'yan sanda Solomon Arase, akwai Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda mai ikon korar kowa in ban da babban sufeto. Kuma a bangon caji ofis an rubuta beli kyauta ne, a saman kan wanda ke ƙirga kuɗin.

Ana hukunci a wurinmu ma, kada a ce ba a yi. Mutum shida da aka kashe a Apo ta Abuja a 2005, sai 2017 kotu ta yanke wa 'yan sanda biyu hukuncin kisa. Wanda ya harbe lauya Bolanle Raheem a Legas ranar Kirsimetin 2022 an yanke masa nasa a 2023. A shekarar ce aka kori 'yan sanda uku masu rakiyar wani mawaƙin Kano don harbin iska. Duba ka gani: ɗaya an yi shekara goma sha biyu ana ja, ɗaya lauya ce wadda ƙungiyarta ta tsaya mata, ɗaya bidiyo ne ya zagaye Facebook. Mutumin Sabon Birni ko Isa da ya kira da dare 'yan bindiga suna shigowa, aka ce babu mai ko babu umarni, ina aka rubuta kiransa? Wa zai iya cewa ƙarfe kaza na kira, wane ya ɗauka? Ko kotu ta ba mutum diyya, cire kuɗin daga asusun gwamnati sai da amincewar antoni janar.

Ban manta da halin kurtun namu ba. Sabon ɗan sanda a nan yana farawa da wajen fam dubu 30 a shekara, motarsa da mai, ba ya sayen kaki da kuɗinsa. Namu ka ga barikin da yake kwana, ka ga yadda ake kashe su a daji a bar iyalansu suna bin fansho. Amma kuɗin belin da aka karɓa ba ga marayun nan yake zuwa ba. Mu ma muna da namu: da an kama yaro, ba ma tambayar wace doka, sai mu ce wa muka sani. A tashi mai unguwa, a kira Alhaji, a je a ce “Yallaɓai, a yi haƙuri, wanga yaro namu na,” a fito da shi, a ce a bar wa Allah. Yaron ya fito, amma babu ko layi ɗaya a rubuce da zai hana a yi wa na gaba, wanda ba shi da Alhaji.

Don haka ga roƙona game da yaron, idan shi da mahaifinsa sun yarda, don su ne za su ci gaba da zama a unguwar ba ni ba. A zauna da shi tun bai manta ba, a rubuta ranar da aka kama shi, ranar da ya fito, sunan ko lambar wanda ya riƙe ƙarar, nawa aka bayar, a hannun wa, su wa ke wurin. Idan ta waya aka tura kuɗin, a adana saƙon banki. A kai takardar koke ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da ke nan Sakkwato, kwafi ga kwamishinan 'yan sanda, kwafi ga Hukumar Karɓar Ƙorafin Jama'a, kuma kowane wuri a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za ku riƙe. Kada a tafi sai an buga. Hukumar Ba da Tallafin Shari'a tana ba da lauya kyauta ga marar hali. Kuɗin buga takardu da na mota ni zan turo tare da na maganin Inna ƙarshen wata.

Ka gaya wa Sani ya gama karatunsa tukuna, kuma kada ya ba kowa kuɗi a kan alkawarin bizar aikin jinya. Kilishin da za a ba mai zuwa a bari, ba a shigo da nama nan, a filin jirgi za su karɓe. Yaji da kuka sun isa.

A gaida Inna ƙwarai, a ce ta sa ni a addu'a.

Ƙanenka.