Stack Overflow ko zauren WhatsApp: ina sabon mai koyo zai kai tambayarsa?

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce ka fara koyon Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, ka maƙale a wani wuri, kana so ka san ko Stack Overflow za ka kai matsalar ko nan zaure, tunda ka ji an ce a can ba a raga wa sabon shiga.

Stack Overflow, shafin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja wanda Jeff Atwood da Joel Spolsky suka kafa a 2008, ba don hira aka gina shi ba. Kundi ake tarawa: tambaya ɗaya, amsoshinta a ƙarƙashi, domin wanda zai ci karo da matsalar bayan shekara goma ya tarar da maganinta. Duk halayensu daga nan suka samo asali. In an taɓa yin irin tambayarka, za a rufe taka a nuna maka tsohuwar. In ka buɗe da gaisuwa ka rufe da godiya, wani zai gyara rubutun ya cire su. Mu da muka tashi ba a shiga magana sai da sallama, wannan yana mana ɗaci, amma ba raini ba ne, tsarin wurin ke nan.

Sai dai abin da ka ji akwai gaskiya a ciki. A 2018 kamfanin da kansa ya fito ya amsa cewa sababbi ba sa jin an karɓe su hannu biyu, har ya kawo sabuwar dokar mu'amala a shekarar. Kowace ƙuri'ar ƙi da aka jefa wa tambayarka tana rage maka 2 daga makin da kake tarawa a shafin, kuma in tambayoyinka suka yi ta shan irin wannan, ana iya hana ka sake tambaya. Ga kuma harshe: babban shafin da Turanci kawai ake rubutu.

Nan zaure kuwa sallama wajibi ce, kuma za ka yi bayani da Hausa yadda ranka yake so. Babu mai ce maka an riga an yi wannan tambayar a 2011. Amma akwai wata ɗabi'a da ke ci mini tuwo a ƙwarya: mutum ya rubuta "Salam, akwai wanda ya iya Python?" ya yi shiru yana jira. Wanda ya iya ɗin yana bakin aiki, bai san ko abin na minti ɗaya ne ko na yini guda ba, sai ya wuce. Yi sallamarka, ka biyo ta da matsalar a cikin saƙo ɗaya. Kada ka bi mutum ta akwatinsa na sirri sai ya ba ka izini, kuma kada ka turo saƙon murya na minti uku a kan kod, domin ba a gano kuskuren waƙafi da kunne. Raunin zaure shi ne amsa tana nutsewa a cikin hira, kuma in wani ya ba ka gurguwar amsa da ƙarfin gwiwa, ba lalle a samu mai gyara shi ba. A can ƙuri'u ne ke tace amsoshi.

Inda wuraren biyu suka haɗu shi ne yadda ake tsara tambayar kanta, kuma nan ne mafi yawanmu ke faɗuwa. Ɗauki wannan. Wani ya ɗauki hoton allon kwamfutarsa da waya, hasken taga ya cinye rabin rubutun, ya rubuta a ƙasa: "Ba ya aiki, a taimaka da gaggawa." Wani kuma, da matsala iri ɗaya, ya rubuta: "Ina amfani da Python 3. Ina so in karɓi shekarun mutum in ƙara 5. Ga layukan:

shekaru = input()
jimla = shekaru + 5

Layi na biyu yana ba ni TypeError, ga cikakken saƙon na kwafo. Na gwada sauya sunan shekaru, bai gyaru ba." Na biyun duk wanda ya ɗan jima a harkar zai amsa masa nan take: input rubutu yake dawowa da shi, ba lamba ba, sai an bi da shi ta int, mai mayar da rubutu lamba, kafin a yi lissafi. Na farkon kuwa sai an yi masa tambaya huɗu kafin a san me yake nema. Kwafo kod ɗin a matsayin rubutu, ka rage shi zuwa 'yan layukan da ke haddasa matsalar, ka faɗi abin da kake sa ran gani da abin da ya fito. Sau da yawa wajen ragewar nan ne za ka gano kuskuren da kanka.

To, ga matakin da kake yanzu, shawarata ita ce Stack Overflow ka mayar da shi wurin karatu, tambaya kuma ka kawo nan. Kwafi layin ƙarshe na saƙon kuskuren ka saka a Google. Kusan duk abin da mai koyo ke tuntuɓe da shi a watannin farko an daɗe da amsa shi a can. Ranar da ka bincika ka rasa, kuma kana da ɗan gajeren kod da kowa zai iya gwadawa ya ga matsalar, ranar ce za ka rubuta musu.

In aikin makaranta ne, faɗi haka, ka nuna inda ka tsaya. Ko'ina ba a son a turo tambayar malami a ce a warware. In kuma an ba ka amsar da ta yi aiki, a can danna alamar amincewa da ke gefenta, mai amsar ya samu maki 15. A nan kuma ka dawo ka ce ga abin da ya gyara, saboda akwai masu karantawa a ɓoye da ke fama da irin matsalarka. Yanzu turo layukan da suka maƙale maka da saƙon kuskuren, mu duba.