Masu mota a Zariya, ku yi hattara da rangwamen haɗaka na gyaran fenti

Assalamu alaikum jama'a. Akwai saƙon da ke yawo a guruf-guruf na WhatsApp a nan Zariya, musamman na ma'aikata da na unguwanni, daga Samaru zuwa Sabon Gari har Tudun Wada. Masu saƙon suna cewa su ƙwararru ne wajen gyaran tabon tsakuwa, wato 'yan ɗigo-ɗigon nan da ke fitowa a bonet da bamba idan tsakuwa ta fallatso ta ɓantare fenti. Wai in aka haɗa motoci 20 kowa zai biya rabin kuɗi, kuma za su zo har inda kuke su gama a yini ɗaya. Sharaɗinsu shi ne kowa ya ba da kafin alƙalami tukuna, don a sayo kayan aiki. Don girman Allah kada ku tura ko kwabo.

Sun san inda ke mana ciwo. Duk mai bin hanyar Kaduna ko ta Kano ya san yadda shekarun nan na aikin titi suka yi wa gaban motarsa, balle wanda ya taɓa bin bayan tifa mai ɗauke da tsakuwa daga Kwangila zuwa Shika. Tabon yana nan da gaske, yana kuma ɓata rai, shi ya sa tallar take shiga kunne.

Abin ya riga ya ci mutane a wurin aikinmu, kuma yadda ya ci su ne ya sa nake wannan rubutu. Ɗan damfarar ba ya bin mutane ɗaya-ɗaya. Mutum guda yake nema, wanda kowa ke ganin girmansa, ya ce masa: «Malam, in ka haɗa mana mutane, taka motar kyauta za mu yi.» A wurinmu wani dattijo suka samu, mutumin da shekara da shekaru shi ke riƙe mana kuɗin adashi ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Shi ya bi ofis-ofis da takarda yana rubuta sunaye, shi ya tara kuɗin, shi ya tura. Babu wanda ya tambayi sunan garejin ko inda yake, domin kowa shi ya sani, shi ya yarda da shi. Da ranar ta zo, lambar a kashe. Yanzu bawan Allahn nan ko gaisuwa ba ya iya tsayawa a yi da shi don kunya, har ya fara biyan wasu daga albashinsa. Wallahi wannan ya fi mini zafi a kan kuɗin da suka tafi.

Akwai kuma waɗanda suke zuwa, kuma ba su fi na farko alheri ba. Su zo da 'yan kwalabe da tsumma, su goga wani man ƙyalli mai kala a kan tabon. Man ya cika ramin, mota ta yi sheƙi a rana, a ɗauki hoto, a cika musu ragowar kuɗi. Wanki biyu ko uku da garin sabulu, tabo ya dawo yadda yake. Wanda ya fi muni shi ne mai ɗiga fenti a kan tsatsa ba tare da ya kankare ta ba. Tsatsar tana nan a ƙasa tana ci, damina na shigowa fentin ya kumbura ya fashe, ɗan ɗigon da bai kai ƙwayar gero ba ya koma aikin fanel bita.

Ku tsaya ku yi lissafin rangwamen da kanku. Fentin mota hawa-hawa ne: akwai shimfiɗar farko da ke kama ƙarfe ta tare tsatsa, sai kala, sai na sama mai haske kamar ruwa wanda ke ba da ƙyalli. Dukansu a haɗe kaurinsu kaɗan ya wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita. Mai gyaran gaskiya zai wanke wurin, ya cire maiƙo, ya kankare tsatsa, ya sa shimfiɗar farko in an kai ga ƙarfe, sannan ya riƙa ɗiga kala kaɗan-kaɗan yana jiran kowane hawa ya bushe. Bayan na sama ya yi ƙwari, wanda kan ɗauki kwanaki, sai a daidaita wurin da sanfefa mai laushi a goge. Haka za a yi wa kowane tabo, kuma bonet ɗaya kan iya samun tabo barkatai. Ta yaya mutum biyu za su yi wa mota 20 wannan a yini ɗaya, a fili, ƙura na tashi?

Sannan kala ba ɗaya ba ce. Kowace mota tana da lambar fentinta. A Toyota, buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin, za ka ga C/TR sai lamba a gabansa: 040 fari ne, 202 baƙi, 1F7 ruwan azurfa. Honda ma tana da nata, irin masu farawa da NH. Motocinmu kuma yawanci sun sha rana sun koɗe, da yawa an taɓa yi musu feshi tun kafin su zo hannunmu, har lambar ma ba ta dacewa da abin da ke jiki. Shi ya sa mai fenti na kirki yake haɗa kala yana gwadawa da murfin tankin mai kafin ya taɓa jikin motar. Mota 20 na iya zama haɗi 20 daban-daban. In aka rage maka wani abu saboda kun zo da yawa, babu laifi, ana yi. Amma wanda ya yanke maka rabin kuɗi bai ga motarka ba, bai ma tambayi kalarta ba, bai yi niyyar yi maka aiki ba.

Suna kuma tsorata mutane cewa in ba a gyara kafin ruwa ya sauka ba duk gaban motar zai ruɓe. Bambar yawancin motocin yanzu roba ce, ba ta tsatsa. A bonet ma, in ka duba tabon ka ga toka-toka ko fari a ciki, shimfiɗar farko tana nan, babu gaggawa. Sai in ka ga ƙarfe ko ja-ja na tsatsa ne ya kamata ka hanzarta.

In har kuna son yin haɗakar, ku yi ta da mai fentin da ke da wurin zama, wanda za ku iya zuwa ku same shi gobe da jibi. Ku ba shi mota ɗaya ya gwada, a yi ta wanke ta na 'yan makonni a gani. Kuɗi kuma su zauna a hannun kowa sai an gama tasa. Sunan da ke kan asusun banki ya zama na mutumin da kuke magana da shi, kada ku yarda da zancen na ƙanina ne ko na yarona ne.

Wanda ya riga ya tura, ya je bankinsa yau ɗin nan da shaidar turawa ya shigar da ƙorafi, domin jinkiri ke ba su damar kwashe kuɗin. Ku adana saƙonni, lambobin waya da lambar asusun, ku kai rahoto ofishin 'yan sanda tare a matsayin ƙungiya. Karɓar kuɗi da alkawarin ƙarya laifi ne a ƙarƙashin dokar zamba ta tarayya ta 2006, kuma EFCC tana da ofishi a Kaduna. In kuma kai aka yi wa alkawarin gyara kyauta kana cikin tara kuɗin mutane yanzu, Alhaji ko Hajiya, ka dakata, ka mayar wa kowa nasa tun suna hannunka.