Ƙaramin gatarin da na saya a Sabon Gari

Ana saura kwana uku Babbar Sallah na shiga kasuwar Sabon Gari neman ɗan gatarin da zan sare ƙashin layya, don na gaji da aron na maƙwabta duk shekara. Na samu irin ɗan China ɗin nan mai jan fenti, muka daidaita da mai shagon a 6,500, yana ta ce min Alhaji wannan ko kirya ka ba shi zai ci.

Maganar gaskiya ƙarfen ba laifi. Da na zo gida ba kaifi sam, fenti ya rufe bakin, sai da na zauna da magagari da dutsen wasa kusan rabin awa. Kuma a nan ake gane ƙarfe fa, in magagari na cin shi kamar sabulu to ruɓaɓɓe ne, wannan kam yana ɗan turjewa. Ranar Sallah ya raba haƙarƙarin rago da ƙashin baya tsaf, na duba bakin bai lanƙwashe ba bai ɓantare ba.

Inda ya ɓata min rai ƙotar ce. Itacen banza ne mara nauyi aka shafe da fenti, bayan sati biyu ina sassabe reshen darbejiya a ƙofar gida kawai kan ya fara girgiɗi, sara na gaba ya fice ya daki katanga, ga yara na wasa a wajen, wallahi sai da gabana ya faɗi. Shi ba irin namu na maƙera ba ne da ake cusa wutsiyar ƙarfen cikin kan ƙota, nan ƙotar ce ke shiga ramin ƙarfen, to da itacen ya bushe ya tsuke shikenan. Wai a jiƙa a ruwa, na gwada, kwana biyu ya koma gidan jiya.

Wani maƙeri a cikin gari ya sa min ƙotar marke ya buga mata ƙarfe ta sama, tun lokacin ko motsi. Ina shafa mai baƙin mai saboda tsatsar damina.

In ƙashi ne da ƙananan rassa saya, amma ka ware kuɗin ƙota tun a kasuwa. Faskare kuwa bai da nauyin da zai tsaga gungume, wannan sai babban gatarin da maƙera ke yi da sifirin ɗin mota.