Jika 185 na biya, aka aiko mini da marto-pike na jabu

Jama'ar Maradi, musamman magina da masu aikin kuran, ku ji abin da aka yi mini wajen sayen marto-pike, wato injin fasa siminti. Jika 185. Kuɗin da na yi ta tarawa tun bayan sallar layya, wani ya cinye su da daɗin baki, kuma har yanzu da nake rubutun nan yatsun hannuna na dama ba su dawo daidai ba.

Kada wani ya ce ban san injin ba. Shekara 14 ina fasa siminti a shantiye, daga Ali Ɗan Sofo har Zariya babu unguwar da ban yi aiki ba. Dalilin hannuna ma na nemi sabo. Tsohon injina in na yini da shi, da dare yatsuna sai su yi ta tsitsiniya kamar ana soka mini allura, in hunturu ya shigo kuma kan yatsun ya yi fari, ko maɓallin riga ba na iya sawa da asuba. Likita ya ce girgiza ce take cin jijiyoyi da hanyoyin jini, in ta yi nisa ba ta komawa. Shi ya sa na ce sai mai AVT na kamfanin Makita, wato mai rage girgiza, wanda aka sa wa wani nauyi a ciki da ke tafiya kishiyar fistan yana kashe girgizar, mariƙinsa kuma a kan sifirin yake, ba a manne da jikin injin ba. Na san abin da nake nema. Na sani sarai.

A Facebook na ga tallarsa, muka koma WhatsApp da mai sayarwar. Ya ce kayan daga Kano za su shigo ta Ɗan Isa. Ya turo mini bidiyo, ya ɗora kofin shayi a kan mariƙi, injin yana aiki, shayi bai zube ba. Bidiyon nan na kalle shi ya fi sau 20. Sai ya ce, "Yaya, ni ma ɗan magini ne, na san ciwon hannu, wallahi ba zan cuce ka ba." Wannan maganar ce ta kama ni. Ɗan magini. Ranar Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci ya faɗa mini haka, har da tambayar jikin mahaifiyata, don na taɓa gaya masa ba ta da lafiya. Wa zai zargi mutumin da ya tambayi lafiyar uwarsa?

Na tura jika 100 a ranar. A'a, washegari Asabar na tura, don sai da na karɓo bashi wajen wani da na yi wa aiki. Sauran jika 85 yaronsa ya karɓa a tasha, hannu da hannu, kwali a naɗe da salatif. Kafin nan ma akwai jika 5 da ya ce na direba ne, ban sa su a lissafi ba. Na so in buɗe kwalin a gaban yaron, ya ce mota za ta tashi. Launi daidai, suna daidai, AVT a rubuce ɓaro-ɓaro a gefe.

Kwana 2 na yi aiki da shi. A rana ta farko tun kafin azahar hannuna ya mutu har gwiwar hannu, ya fi tsohon nawa muni. Na ce ko sabunta ce. Sai da na kai wa mai gyara a bayan babbar kasuwa ya warware shi a gabana. Babu nauyin nan a ciki, wurinsa ma babu. Mariƙin da kusoshi aka ɗaure shi kai tsaye a jikin ƙarfe, robar nan mai naɗe-naɗe da ke tsakani ado ce kawai, ka danna ba ta motsi. Mai gyaran ya ce, "Malam, wannan ko jika 40 bai kai ba." A gaban yaransa ya faɗa. Ƙanena da ya yi Lise Teknik Ɗan Kasawa ya duba kwalin, ya ce na gaske takardarsa tana faɗin yawan girgizarsa da lamba, kuma a Turai tun 2002 doka ta sa iyakar girgizar da hannun ma'aikaci zai sha a awa 8. Wannan falle ɗaya ne a ciki, babu ko lamba.

Na kira mai sayarwar tun daren farko, ya ce in sa masa giris. Na manta ban faɗa ba, rasit ɗin da ya turo ba shi da hatimi, na gani, na yi shiru saboda maganar ɗan magini. Yanzu ya toshe ni, lambar a kashe, tallar kuma tana nan da wani sabon suna da bidiyon shayi iri ɗaya. Jika 185, har yau matata ba ta san adadin ba.

Hotunan hirarmu, takardar aika kuɗin da hoton cikin injin duk suna wajena, zan sa su da zarar na dawo daga wajen ƴan sanda gobe. Kada ku tura wa kowa kuɗi a kan bidiyo. Ku riƙe injin, ku danna mariƙin ku ga ko yana motsi, a kunna shi a kan siminti a gabanku. Wanda ya taɓa ganin bidiyon shayin nan ya yi mini magana, na tabbata ba ni kaɗai ba ne.