Katifar iska ta masu jinya: tana aiki, amma sai da wuta

Duk mai jinyar tsohon da ƙafafunsa suka mutu a ƙauye, kafin ya sayi katifar nan mai famfo, ya fara tunanin inda zai samo wuta. Mu a wajen Ringim muke, wutar NEPA sai ta ga dama.

Baffa na saya wa. Sankarar mafitsara ce ta bazu zuwa ƙashin bayansa, ta danne masa laka. Ya daɗe da ciwon baya mai tsananta da dare, ana ta shafa man zafi, sai ƙafafu suka yi nauyi, fitsari ya tsaya. A Kano hoton MRI ya nuna wurin, aka ba shi dexamethasone don rage kumburi, aka tura shi gashi, wato ƙona sankarar da hasken na'ura. Likitan bai ɓoye mana ba: wannan ciwo da awoyi ake lissafinsa, wanda ya zo yana takawa shi ya fi sa ran ci gaba da takawa. Baffa a kwance ya je, a kwance ya dawo. Abin tsoro yanzu gyambon kwanciya ne, tunda ba ya jin zafin da zai sa ya motsa.

Katifar roba ce mai ƙullutu-ƙullutu, a kan katifar soso ake shimfiɗa ta. Famfon ya hura wasu layuka ya sace wasu, bayan 'yan mintuna ya sauya, don kada nauyi ya daɗe a wuri guda. Jan da ya fara fitowa a ƙugunsa ya baje, fatar ba ta fashe ba, alhamdulillahi. Ba ta da cin wuta, ƙaramin batirin sola mai inbata yana riƙe ta har asuba.

Amma robar akwai zafi. A bazara sai mun sa zanen auduga, muna sauyawa in ya jiƙe. In wuta ta ɗauke kuwa, a hankali take sacewa ba ka sani ba. Tamu ta taɓa hujewa, mai facin taya ya liƙe mana.

Yaron shagon ya ce mini, "Yaya, da wannan kun huta da juya shi." Ciniki ne kawai. Har yau bayan kowace awa 2 muna juya Baffa, muna duba dunduniya da ƙugu, domin haka ma'aikaciyar jinya ta ce, kuma ita na fi yarda da ita.