Gilashin duba tsofaffin kuɗi: wata biyu ina amfani da shi

Da aka raba gadon kakata a ƙauyenmu da ke bayan Ringim, ba wanda ya ko kalli wani tsohon gwangwani da ke ƙasan adudunta. Anini ne a ciki, da ɗari (rabin kwabo), da kwabo mai huji, da 'yan sulalla. Na taɓa jin cewa kuɗin da aka yi kuskure wajen buga shi yana da daraja a wurin masu tarawa, don haka na ba direban motar Kano sautun gilashin ƙara girma, irin na masu gyaran agogo, mai ɗan fitila a jiki.

A kwalinsa an rubuta yana ƙara girma sau 30. Ni dai da na gwada shi da na wani maƙerin zinari, bai wuce sau 10 ba. Gefensa kuma yana karkatar da rubutu, sai ka sa abin da kake dubawa a tsakiya cif. Batirin fitilar ko sati uku bai yi ba.

Mutuwar batirin ma gaba ta kai ni. Hasken fitilar yana dukan kuɗin kai tsaye, komai ya baje. Da na koma bakin zaure da hantsi, haske na zuwa ta gefe, ina ɗan juya kwabon a hannu, sai na fara ganin abin da nake nema. Idan ƙarfen da ake buga kuɗi da shi ya tsage, layin da zai fito a jikin kwabo tudu ne, kamar jijiya a bayan hannu. Ƙarzuwa kuwa rami ce, ta nutse ciki, wani lokaci har da ɗan ƙarfe da ya tashi a bakinta. Da wannan kaɗai na tace gwangwanin. Cikin goma sha ɗaya da na ware ina murna, tara duk tabon duniya ne. Wani an lotsa shi, wani kuma akwai ragowar dalma a bayansa, alamar an taɓa liƙa shi a jikin zobe ko awarwaro.

Baffana na zaune yana kallona. Na miƙa masa wani anini da bakin hujinsa ya buɗe, na ce, “Baffa, ka ga Turawa sun yi kuskure a nan.” Ya juya shi sau ɗaya ya ce, “Kai yaro, wannan ƙusa ce ta ci shi. Da shi muke tokare kan ƙusa in za a buga kwano.”

Biyun da suka rage na gaske ne. Ɗaya kwabon 1952 ne, na tagulla, mai siririn layin tsagewa daga baki zuwa tauraron da ke jikin kwabon. Ɗayan anini ne da hujinsa ya goce daga tsakiya, amma bakin hujin sumul yake, ya tsufa daidai da sauran jikin.

Gilashin ya kuma nuna min ƙananan haruffan da ido ba ya kamawa, masu nuna inda aka buga kuɗin: H na masana'antar Heaton a Birmingham, KN na King's Norton. Na samu kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, wanda bai cika shekara a gadon sarautar Ingila ba. Zuciyata ta buga, amma an buga irinsa da yawa, ba abin sayen gona ba ne.

Ɓarna ɗaya na yi da hannuna. Wani kwabo mai koren tsatsa na goge shi da toka da lemun tsami. A ido ya yi ƙyalli, a ƙarƙashin gilashi kuwa duk zane ne birjik, kamar kaji sun yi tono. Sauran ban ƙara taɓa su da komai ba, na naɗe kowane a takarda daban.

Mai son sayen irin wannan abin dubawa ya nemi na gilashin gaske, ba na roba ba, sau 10 ya wadatar, kuma kada ya ƙara ko sisi saboda fitila.